Daga "Thrash" Zuwa "Conquer": Yadda Muke Faɗin Shan Kaye A Jos



Akwai wata kalmar Turanci da ta zauna a bakin yaranmu har ta zama kamar tamu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan kallon ƙwallo a Gangare ko Dilimi ko Unguwar Rogo bayan an tashi daga wasa ya ji ta: "Wallahi yau an yi trashing ɗinmu." Mai maganar yana nufin an zazzaga wa ƙungiyarsa ƙwallaye har ta rasa inda za ta sa kanta. Kalmar da yake son faɗa ita ce "thrash", amma da yake harshenmu, kamar na yawancin 'yan Nijeriya, ba ya shiri da wannan sauti na "th", sai ta koma "trash", wato shara. Hatta a jaridun Turanci na ƙasar nan za ka ga an rubuta ta haka. Ma'anar dai ba ta ɓaci sosai ba, domin wanda aka ci biyar da nema ai ji yake kamar an kwashe shi an zuba a juji.

To ina "thrash" ta samo asali? A gona. Ita da "thresh", wato bugun hatsi don a raba ƙwaya da kara, asalinsu kalma ɗaya ce a tsohon Turanci, daga baya ne rubutun ya rabu biyu, ɗaya ta tsaya wa hatsi ɗaya ta koma kan mutane. Mai karatu zai ga cewa Bahaushe ma hanyar da ya bi ke nan, ba tare da ya tambayi Bature ba. Muna casa shinkafa, muna kuma cewa Kano Pillars ta casa wance. Manomin Ingila da manomin fadamar Haɗeja, kowa ya kalli sandarsa tana sauka a kan dami, ya ga cewa babu abin da ya fi wannan kama da dukan da ba ramuwa.

Wata kuma da 'yan jarida ke so ita ce "drubbing". Masu ƙamus da dama suna ganin daga Larabci ta shiga Turanci, daga "daraba", ta bakin matafiyan ƙarni na 17 da suka ga yadda ake dukan tafin ƙafa a ƙasashen gabas. In haka ne, duk wanda ya yi nahawu a zaure ya riga editan wasanni sanin kalmar. Sauran irin su "wallop" da "hammer" da "spank" ba su buƙatar dogon bayani, duka ne kawai, na guduma ko na yaron da ya ƙi zuwa makaranta.

Namu kalmomin ma ba su da tausayi. Sha kashi, lallasa, yi wa lilis, cin kaca, dukan kawo wuƙa. Wannan ta ƙarshe fa tana nufin an doki abu har ya kai a nemo wuƙa a yanka kafin ya mutu mushe. A Jos kuma, inda Hausa ta zama harshen kowa kuma ba kowa ke bambanta "k" da "ƙ" ba, "sun sha kashi" takan fito da sautin da ke sa Bakano ya riƙe ciki don dariya. A fagen dambe abin ya fi haka tsanani, don idan hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi. Amma duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san wanda aka kashe ɗin yana tashi ya karkaɗe jikinsa, makaɗa su ci gaba da kiɗa, gobe ya sake ɗaure hannu. Wannan shi ne abin da na ga ya haɗa duk kalmomin nan, na Hausa da na Turancin titi: zafinsu a baki yake, kuma a cikinsu akwai alkawarin cewa za a sake karawa. Mai cewa an lallasa shi bai ce an kore shi daga gari ba.

Kafin mu kai ga inda wannan ya zama abin damuwa, bari mu ga yadda Turancin ya iso tudun nan tun farko.

Kuza ce ta kawo shi. Mutanen Kamfanin Neja sun hau tudu neman ta a farkon ƙarni na 20, injiniya H. W. Laws ya iso a 1903 ya kafa sansani a wajen Naraguta, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan kamfanoni suka cika ko'ina. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. Kakanninmu da yawa ta waɗannan hanyoyi suka zo, wasu da ƙafa da jakuna, daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi da Borno, wasu leburori, wasu helumomi, wasu mahauta da 'yan koli da malamai. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso dubban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa don haƙar kuza, abin da aka riƙa kira diban gwamna, kuma da yawa sanyin tudu da yunwa da cuta sun kashe su. Akawu da makanikai da direbobin jirgi kuwa yawanci daga Kudu suka zo, da Saliyo da Gwalkwas, da Turancinsu na makaranta da kuma Burokan. A bariki Hausa ce harshen aiki, Turanci na ofis ne da na mai ba da umarni.

Shi ya sa kalmar duka ta farko da leburan kuza ya fara ji da Turanci ba ta wasa ba ce. "Flog" ce, bulala ta gaske, a bayan mutum, a gaban jama'a. A 1912 a Zariya an yi wa wasu akawu biyu 'yan Afirka bulala saboda suna cikin wasan ƙwallo Razdan ya zo wucewa ba su faɗi sun gaishe shi ba, kuma maganar ta yi ƙarfi har ta kai majalisar dokokin Ingila. Yau jikokin waɗanda aka yi wa bulalar su ne ke cewa "we go flog una" kafin a take wasa, kowa na dariya. Kalmar ta sauko daga hannun dogari ta koma bakin 'yan kallo, kuma a ganina wannan ci gaba ne.

In akwai garin da ya san shan kaye a ƙwallo a Nijeriya, Jos ne. Kofin da aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda daga baya aka fi sani da Kofin Ƙalubale, ya wahalar da mu fiye da kowa. A 1951 'yan wasan Filato sun kai wasan ƙarshe, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Ikko ta ci su 3 da 2. Kano ta je ta ɗauko kofin a 1953, mu kuwa a shekarun 1960 sai zuwa muke yi wasan ƙarshe muna dawowa hannu rabbana, har 'yan jarida suka laƙaba wa abin kalmar "jinx", wato kamar an yi wa gari baki. Tsofaffi a majalisu har yau suna da bayanai iri-iri a kan wanda ya yi bakin, kowa da nasa.

Sai Mighty Jets ta zo, ƙungiyar da Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta. Ita ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. A wannan shekarar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance a filin Onikan na Ikko. Ana cin Jets 2 da nema, wasa ya kusa tashi, Sam Garba Okoye ya farke duka biyun. Aka sake wasan a filin Liberty na Badun, Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 kuma Rangers ta Inugu ta ci Jets 2 da nema a wasan ƙarshe.

Ina so mai karatu ya dubi sunayen da ke cikin wannan ƙungiya. Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya kai 'yan matan Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999. Sam Garba Okoye, wanda sunansa kaɗai taswirar Jos ce. 'Yan gidan Atuegbu, Inyamurai. Layiwola Olagbemiro, Bayarabe. Baba Otu Mohammed. Wannan fa shekara shida ne kacal bayan kashe-kashen 1966 da suka taɓa Jos sosai, shekara biyu bayan ƙare yaƙin basasa. Idan aka ci Jets, mai sayar da nama a Yan Kwalli da akawu a Tudun Wada da manomi a Du duk kalma ɗaya suke amfani da ita: an ci mu. Ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa takardar indijin kafin ya shiga cikin wannan "mu". Jaridar Nigerian Standard, wadda gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa a Jos a 1972, da masu sharhin rediyo irin su Ernest Okonkwo, su suka cusa mana yawancin kalmomin Turancin da muke ta juyawa yanzu, kuma mun koye su ne a kan kanmu, muna shan kaye tare.

Akwai kuma wani rukunin kalmomin Turanci da bai taɓa shiga filin ƙwallo ba, ya zauna a fayil. Turawan mulki ba su rubuta cewa sun "thrash" kowa ba. Da suka ci Bauchi a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na shekarar, sannan suka shafe shekaru suna ƙona ƙauyukan tudun nan da bindiga mai ruwa, kalmomin da suka zaɓa su ne "pacification" da "punitive expedition" da "patrol". Kwantar da tarzoma, horo, sintiri. Kalmomi masu sanyi a kunne, amma babu zagaye na biyu a cikinsu. Lugard ya faɗa wa manyan Sakkwato a 1903 cewa abin da Fulani suka samu da yaƙi yanzu ya koma hannun Ingila da yaƙi. Daga nan "conquest" ta zama kamar takardar mallakar fili: wanda ya ci, ƙasa tasa ce.

Wannan tunani ne muka gada, mu da maƙwabtanmu, kuma shi ne ya cika takardun da aka riƙa miƙa wa kwamitocin bincike. Ɓangaren Birom da Anaguta da Afizere suna kafa hujja da cewa jihadi bai ci tudun nan ba, dawakin Bauchi ba su mallake su ba, don haka ba wanda zai zo ya mulke su yanzu ta akwatin zaɓe. A kan tarihin kuwa suna da gaskiya mai yawa, ko da yake wasu al'ummomin gefen tudu sun ƙulla amana da Bauchi. Mu kuma muna kafa hujja da cewa kakanninmu ne suka mai da wurin gari, muna lissafa sarakunan Hausawa da suka riƙe Jos kafin a naɗa Rwang Pam a 1947. Mu ma muna da gaskiya mai yawa. Amma duba yadda gardamar ta koma: kowa yana ƙoƙarin nuna cewa shi ba a taɓa cinsa ba. Mutumin da ya gina mutuncinsa a kan cewa ba a taɓa cinsa ba, ranar da ya faɗi zaɓen kansila ma sai ya ji kamar an tone kabarin kakansa.

Yakubu Gowon, ɗan tudun nan ne shi ma, ya gane haɗarin irin wannan kalma. Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, kuma kalmar da ya ƙi yarda a liƙa wa Inyamurai ita ce "vanquished". Kowa ya san a fagen daga akwai wanda ya miƙa wuya. Abin da ya hana shi ne a mai da wannan sunan mutane.

Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kujerar shugabanta ta daina zama kujerar kwasar shara da gyaran kwalbati da biyan malaman firamare. Ta zama amsar tambayar wa ke da gari. A ranar 12 ga Afrilun 1994 rikici ya tashi a kan naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo. A ranar 7 ga Satumban 2001, bayan makonni ana zafin baki a kan naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad a shirin yaƙi da talauci, wuta ta kama daga Congo-Russia, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1,000 suka mutu cikin kwana shida. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, wurin da kowace ƙabila ke da rumfa. Sai zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 27 ga Nuwamban 2008. Tun kafin a faɗi sakamako, jita-jitar an kayar da wane, an murɗe wa wane, ta fito da matasa kan titi da asubahin Juma'a, kuma cikin kwana biyu, a lissafin ƙungiyar nan dai, an rasa rayuka sama da 700. Gawawwaki na kwance hukumar zaɓen jiha ta sanar da cewa PDP ta cinye duk ƙananan hukumomi 17.

Turawa suna da kalmar titi ga irin wannan sakamako: "whitewash". Asalinta farar ƙasa ce da ake shafa wa bango, irin wadda ake shafa wa duwatsun bakin hanya idan gwamna zai wuce. A wasa tana nufin an ci ka ba ka ci ko ɗaya ba, allonka fari fat. Tana da ma'ana ta biyu kuma, wato a shafe laifi a rufe shi da farin fenti. Jos ta ɗanɗani ma'anonin biyu. Kwamitin Mai shari'a Fiberesima ya zauna bayan 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, gwamnatin tarayya ta kafa nata na Janar Abisoye, sannan na Solomon Lar bayan kashe-kashen Janairun 2010. Wasu rahotannin sun shafe shekaru a kulle a durowa, kuma duk wanda ya fito, ɓangaren da bai yi masa daɗi ba sai ya kira shi da wannan kalma.

A nan dole mu dubi namu bakin, 'yan'uwa, tunda wannan shafi namu ne. Na ji yadda wasu samarinmu ke ba da labarin kwanakin rikici da harshen gidan kallo, wai a unguwa kaza mun ba su kashi, a unguwa kaza sun ci mu, kamar ana lissafin ƙwallaye. Na san a ɗaya gefen ma haka ake yi da Burokan da Turanci, "we finish them", "we show them pepper". Kalmar da aka yi ta don wasa idan aka ɗora ta a kan gawa, alkawarin da ke cikinta na cewa za a sake karawa ya zama alkawarin ramuwa. Abin da ya faru a Kuru Karama a Janairun 2010 da abin da ya faru a Dogo Nahawa a ranar 7 ga Maris na shekarar, mata da yara ne a rijiyoyi da cikin ɗakuna, kuma duk wanda ya kira ɗaya daga ciki farke ci, to ya fita daga sahun masu hankali. Haka nan idan ɗan takararmu ya ci zaɓe, jerin gwanon babura da ihun "mun lallasa su" a bakin unguwar da ba tamu ba, mu muna jin "thrash", su kuma "conquer" suke ji. Mu da muka san zafin kalmar "settler" a kan mutumin da aka binne kakan kakansa a maƙabartar garin nan, ya kamata mu fi kowa sanin cewa mai faɗa da mai ji ba lallai su ɗauki kalma da nauyi ɗaya ba.

Jaridun Nijeriya suna da wata kalma da nake so, "floor". Wane ya "floor" wane a kotu, wato ya kai shi ƙasa. Kalmar kokawa ce da dambe, daidai da namu kaye, kuma tana ɗauke da alƙali da fage da doka. Ita kuma "walkover" daga sukuwa ta fito, inda dokin da ba shi da abokin karawa sai ya taka filin a hankali a ba shi kyauta, abin da 'yan siyasarmu suka fi ƙauna. Wadda ta fi ba masu fassara wahala ita ce "concede". Da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya a ranar 31 ga Maris na 2015, gidajen rediyon Hausa suka yi ta neman yadda za su faɗe ta: ya amsa shan kaye, ya amince da sakamako, ya rungumi ƙaddara. Ta farkon ce ta fi dacewa a wurina, domin kaye na ɗan kokawa ne, wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya tashi ya miƙa hannu. A daren nan an kwana lafiya a Jos, garin da mutane suka riga suka sayi abinci suka ɓoye, wasu suka tura iyali ƙauye.

Shi kuwa bakin da aka ce an yi wa gari a kan kofi, sai da ya ƙara ja mana rai. Plateau United ta kai wasan ƙarshe a 1993 BCC Lions ta Gboko ta ci ta, ta sake kaiwa a 1998 Wikki Tourists ta Bauchi ta ci ta a bugun fenariti. A 1999 ne ta ci Iwuanyanwu Nationale ɗaya mai ban haushi, kofin ya hau tudu, shekara 48 bayan zuwan farko na 1951. A watan Satumban 2017 kuma, a filin Rwang Pam, a wasan ƙarshe na kakar, Plateau United ta ɗauki kofin lig ɗinta na farko ƙarƙashin mai horarwa Kennedy Boboye. Ƙungiyar da ta ci a ranar ita ce Rangers ta Inugu, 2 da nema, daidai adadin da Rangers ta ci Mighty Jets a 1974.